Daɓen da Ya Wanke Amarya

Wannan makon zancen daɓe na kawo, daɓen ɗaki, wanda muke takawa kullum ba ma ko kallonsa sai ranar da ya tashi.

A littattafanmu, da zarar an shiga gidan attajiri sai an ambaci falo mai daɓen katako, mai sheƙin da jaruma za ta iya ganin fuskarta a ciki. A nan marubuci yake barin falon. Ba ya komawa ya duba shi a watan Agusta, lokacin da ƙofar katako take ƙin rufuwa, gishiri yake narkewa a kwano, ashana take ƙin kamawa. Ni na ga irin wannan falon a watan Agusta, a cikin gidanmu, kuma saura ƙiris ya ci auren yayana.

Kakanninmu a Daura daɓen ƙasa suka sani, kuma aikin mata ne. A zuba tsakuwa, a yayyafa ruwa, mata su jeru da madaɓai suna bugu suna waƙa har ƙasar ta kwanta, sannan a bi ta da ruwan makuba, wanda ake samu daga kwasfar ɗorawa, don ta yi ƙarfi ta yi duhu. Irin wannan daɓen yana numfashi. Danshin da ya taso daga ƙasa yana ratsa shi ya fita, iska ta kwashe. Da siminti ya zo hanyar ta ragu. Ledar ɗaki ta ƙara toshe ta, kafet ya zo, tayil ya zo, yanzu ga katako. Duk shimfiɗar da muka ƙara, mun ƙara wa danshi murfi ne, shi kuwa bai daina tasowa ba.

Gidanmu yana unguwar Kusugu, tafiyar 'yan mintuna da ƙafa daga rijiyar. Gidan gado ne. Bayan rasuwar kakanmu aka raba shi tsakanin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, da ƙaninsa, Baffa. Yayarsu, Gwaggo, ta karɓi nata rabon a gona. Aka ja katangar bulo ta ratsa tsakar gida, Baffa ya ɗauki yamma, muka ɗauki gabas. Takardar rabon tana nan a akwatin Inna: taku kaza daga nan zuwa can, ɗaki kaza na wane, ga sa hannun shaidu. Ba ta faɗi ko katangar ta wace ce ba, ba ta kuma ce komai game da abin da ke ƙarƙashin ƙasa ba. Daga baya, da Yaya ya tashi gina sashensa, sai ya jingina falonsa da wannan katangar, ta zama bangon falon na yamma. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yaya a Abuja yake aiki. A can ya ga daɓen katako ya ƙwallafa rai sai amaryarsa ta taka irinsa. Ya je 'Yan Katako na Na'ibawa a Kano ya sayo falankai, waɗanda suka ce masa mahogani ne, ɗan uwan madacinmu. Ya samo kafinta, mutum ne gwani a ƙofa da rufin kwano, ya kwantar da tu-bai-tu a kan simintin, ya jera falankan a kai ya bi su da ƙusa, ya matse su tsam har jikin bango ta kowace kusurwa, ya goge ya shafa man sheƙi. Ina Katsina a lokacin ina ƙarasa difiloma a fannin gine-gine, sai da na zo biki a Disamba na tarar da aiki ya kammala. Gaskiya ya yi kyau. 'Yan kai amarya sun fi daɗewa a falon nan fiye da uwar ɗaka, kowa na ɗaukar hoto.

Kafin ƙarshen Maris falankan suka ja baya da juna. Tsakanin kowane biyu aka sami tsaga wadda ƙwandala za ta shige a tsaye. Aka kira kafintan, ya kwaɓa garin katako da gam ya cike tsagogin, ya sake gogewa, kowa ya ce madalla. Damina ta sauka. A tsakiyar Agusta, wata safiya, tsakiyar falon ta taso kamar kunyar gero, daga wannan bango zuwa wancan, har ƙofa ba ta buɗuwa sai rabi. A gindin bangon yamma kuma falankan suka lanƙwashe, gefunansu a sama, tsakiyarsu a ƙasa, kowanne kamar ƙaramin kwalekwale. Ga wani wari na ruɓaɓɓen itace da turaren wuta ya kasa dannewa.

Nan da nan gida ya cika da masana. Inna ta ce ruwa ne, kuma ta san mai zuba shi: yarinya 'yar boko ce, kullum tana cikin goge-goge da bokiti, ta mai da falo rafi. Wani dattijo a zaure ya ce ai kowa ya san ƙasar Kusugu ƙasar ruwa ce, rijiyar da take shayar da Daura tun zamanin Daurama ba a yi mata shimfiɗar itace a kusa. Daga sashen Baffa kuma wata magana ta fara tsallako katanga, a hankali, ta bakin yara: wai tunda yarinyar nan ta shigo motar Yaya ta lalace sau biyu, akuyar Inna ta yi ɓari, yanzu ga ƙasa da kanta tana tashi. Ba wanda ya furta kalmar a gabanta, amma duk macen da ta girma a ƙasar Hausa ta san ana nufin farar ƙafa. Anti, haka nake kiranta, ta daina fitowa tsakar gida. Ta rame. Ta fara zancen tana so ta je ganin gida, ba ta kuma ambaci ranar dawowa ba. Yaya kuwa ta waya yake ba da umarni, yau ya ce a kawo inji a kankare tudun ya daidaita, gobe ya ce a ɓamɓare komai a sa tayil kowa ya huta.

Na roƙe shi kada a taɓa komai sai ruwa ya ɗauke. Dalilina shi ne katakon nan shaida ne, idan aka kankare shi ko aka fitar da shi an kori shaida, an bar Anti da zargi har abada.

Itace, ko an sare shi an yanka shi, bai daina hulɗa da ruwa ba. Idan iska tana da laima yana sha ya kumbura, idan ta bushe yana saki ya tsuke. Kuma a faɗi yake wannan motsi, ba a tsawo ba. Shi ya sa ƙofa take cijewa a gefenta da damina, ta saki da hunturu har ana hango haske ta tsakanin allunanta. Yawancin katakon da ke kasuwanninmu daga dazuzzukan kudu yake zuwa, irin su Edo da Ondo da Kuros Riba, inda iska ke ɗauke da laima kusan duk shekara. Akwai ma wani katako da duniya ta sani da sunan garin Sapele. A yanka shi a can, a loda a tirela, cikin 'yan kwanaki yana Kano, cikinsa cike da ruwa. Ka kawo wannan ka kafe shi da ƙusa a Daura a farkon hunturu, dole ya tsuke. A ƙasashen da daɓen katako ya zama al'ada ba sa shimfiɗa shi ranar da aka sauke shi. Sukan jera shi a cikin ɗakin da zai zauna har ya saba da iskar wurin, su auna shi da na'ura, kuma a Amurka abin da aka fi nema shi ne ruwan da ke jikinsa ya kasance tsakanin kashi 6 zuwa 9 cikin 100. Sannan sukan bar rata kamar santimita 1 zuwa 1 da rabi tsakaninsa da bango ta ko'ina, a rufe ta da siririn katakon da ake bin gindin bango da shi.

Lissafin ba wuya. Falon Yaya faɗinsa mita 4 ne, kowane falanki santimita 10, wato falanki 40. Idan kowanne ya ƙaru da milimita 1 kacal, an sami santimita 4 da ke neman wurin zama. Tsagogin da suka buɗe a Maris su ne wurin zaman, an cike su da gam. Gindin bango babu rata. Katako ba zai ture bulo ba, saura hanya ɗaya, sama. Wannan ita ce cuta ta farko, tudun tsakiyar falo, kuma ba ruwan bokitin kowa a ciki. Iskar Agusta ce da aikin da bai bar mata wuri ba.

Ta biyun ita ce ta hana ni barci, wato falankan gindin bangon yamma. Lanƙwasar falanki tana faɗin ta inda ruwa ya shige shi. Fuskar da ta jiƙe ita take faɗaɗa, ta zama bayan lanƙwasar. Idan ruwa daga sama yake zuwa, tsakiyar falankin ce za ta yi tozo, gefuna su sauka. Idan daga ƙasa ne, gefuna su tashi, tsakiya ta lotsa. Namu gefunansu ne a sama, duka.

Na ɗauki fallen takarda na je ɗakin Inna. Na ce, “Inna, don Allah dubi wani abu.” Na tsoma yatsa a ruwa na shafa wa takardar a fuska ɗaya, muka zuba mata ido tana nannaɗewa, jiƙaƙƙiyar fuskar tana waje. Na juya ta na ajiye a tabarma, jiƙaƙƙen gefen a ƙasa, ta zauna kamar kwalekwale. Sannan na roƙe ta ta biyo ni falon. Muka ja doguwar kujera, wadda tunda aka kawo jere ba a taɓa gusar da ita ba, tsumman guga bai taɓa shiga ƙarƙashinta ba. A nan lanƙwasar ta fi muni. Muka dawo bakin ƙofa, inda ake shigowa da ƙura, inda Anti ta fi gogewa. Falankan wurin a miƙe suke sumul.

Inna ta daɗe a tsaye. Anti tana bakin ƙofar uwar ɗaka ta sunkuyar da kai. Can Inna ta ce, “To ke 'yar nan, ruwan daga ina?” Ba ta ce ta janye maganarta ba, amma daga ranar ba ta sake ambaton bokiti ba.

Zancen rijiya bai ɗauke ni lokaci ba. Duk wanda ya taɓa leƙa Kusugu ya ga yadda guga ke tafiya kafin ya taɓa ruwa. In da ruwan ƙarƙashin unguwa ne yake tasowa, da falon gaba ɗaya ya kama, da ɗakin Inna ya riga shi, tunda ya fi shi tsufa ya kuma fi shi gangare. Ruwan sama ma bai dace da abin da nake gani ba. A ƙasarmu daga gabas hadari yake tasowa, bangon gabas ne ke shan duka, shi ya sa magina na da suka fi ba shi kulawa wajen yaɓe. Bangon gabas na falon a bushe yake. Na yamma, wanda ruwa ba ya bugu, shi ne fentinsa ya kumbura daga ƙasa zuwa kamar tsawon kamu biyu, yana fitar da wani farin gari kamar kanwa. Wannan garin gishirin da ke cikin ƙasa da bulo ne, ruwa yake ɗauko shi, idan ya bushe a fuskar bango ya bar shi a nan. Inda ka gan shi, ruwa yana bi ta wurin ba sau ɗaya ba.

A ƙarshen Oktoba, bayan ruwa ya ɗauke da makonni, tudun tsakiyar falo ya fara kwanciya da kansa. Na gindin bango kuwa ko gezau. Na sa ƙanena ya ɗaga falankai a wuri 5, kusurwa huɗu da tsakiya, muka kai ga siminti. Akwai wani gwaji mai sauƙi da hukumar ƙa'idojin gwaji ta Amurka, ASTM, ta rubuta shi a matsayin hanya: a yanko leda mai haske kamar santimita 45 ta kowane gefe, a shimfiɗa a kan simintin, a liƙe gefunanta da salatif yadda iska ba za ta shiga ba, a bar ta aƙalla awa 16. Ba ya faɗin yawan ruwan, kuma busasshiyar leda ba ta wanke siminti ɗari bisa ɗari, amma jiƙaƙƙiya ba ta ƙarya. Muka liƙa da la'asar, muka duba washegari da hantsi. Uku a bushe. Biyun da ke gindin bangon yamma sun yi gumi, simintin ƙarƙashinsu ya yi baƙi, na kusurwar arewa har da ɗigo. A wurin kuma tu-bai-tu ɗin ya yi fumfuna, gara ta riga ta ja hanyarta a jikinsa, don ita danshi take bi.

Ruwa yana zuwa daga bayan bangon, kuma bayan bangon gidan Baffa ne.

Ba sai na leƙa ba, na san abin da ke wurin. Shekara guda kafin bikin Yaya, Baffa ya aurar da babban ɗansa ya gina masa banɗaki na zamani a wannan kusurwar. Ya ɗora tanki mai lita 1,000 a kan dakalin bulo, 'yan ga-ruwa suna cika shi, aka binne bututu ya bi gindin katanga zuwa banɗakin. Na kuma san wani abu da kowa a gidan ya sani amma ba wanda ya haɗa shi da falon Yaya: watanni Baffa yana faɗa a kan ruwa. Ya sallami ɗan ga-ruwa guda a kan wai jarkokinsa ba sa cika. Ya hana yara wanka da rana. Tankin dai bai daina saurin ƙarewa ba. Ƙasar Daura yashi ce, tana shanye ruwa ba ta nuna komai a sama, don haka tsakar gidansa a bushe take ƙamas.

Gano ciwon ya fi faɗinsa sauƙi. Yaya za a yi yarinya ta je ta ce wa ƙanin ubanta bututunka ne ya ɓata falon ɗan ɗan'uwanka, alhali daga sashensa maganar farar ƙafa ta fito, kuma tun rabon gado akwai 'yan abubuwan da ba a gama haɗiyewa ba?

A Amurka da Kanada akwai dogayen benaye da ake sayar da su sashe-sashe, kowa da nasa, suna kiransu kondo. Mutum ya mallaki cikin sashensa, amma rufi da harsashi da manyan bututun da ke ratsa bango na kowa da kowa ne. Suna da ƙungiyar masu gida, kowa yana zuba kuɗi duk wata, kuma akwai rubutacciyar takarda da ke faɗin iyakar abin da yake naka da abin da yake na tarayya, saboda sun san ruwan da ya ɓata daɓen wani sau da yawa daga sashen wani ya taso. A Ingila akwai doka tun 1996 da ta ce kafin ka yi babban aiki a bangon da kuke tarayya da maƙwabci sai ka ba shi sanarwa a rubuce, wata 2 kafin ka fara. Gidan gadonmu ma kondo ne, a kwance maimakon a tsaye. Bango ɗaya, ƙasa ɗaya, magudana ɗaya, masu gida da yawa. Abin da muka rasa takardar ce.

Kuma ba wai ba mu da hukuncin ba ne. Yana cikin Risala, littafin da ake karantawa a zaurukan Daura bayan an wuce Ahalari da Ishmawi da Iziyya. Mai littafin, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan a Tunisiya ta yau, ya rasu a 996, fiye da shekara 1,000 ke nan, amma ya yi maganar gidan da wani ya mallaki ƙasa wani ya mallaki sama: gyaran ƙasan yana kan mai ƙasan, kuma idan ya ƙi ana tilasta masa ya gyara ko ya sayar wa wanda zai gyara. Ya yi maganar bangon da ake jayayya a kansa, cewa ana duba wanda ɗaurin ginin ya haɗe da nasa. Ya kuma hana mutum yin haƙan da zai cutar da maƙwabcinsa ko da a cikin mallakarsa ne. A ƙarni na 14 ma an yi wani magini a birnin Tunis, Ibn al-Rami, wanda alƙalai suke aikawa ya dubo bango da magudana idan maƙwabta sun kawo ƙara, har ya rubuta littafi guda a kan hukunce-hukuncen gini. Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muke haddace babin rabon gado da kasonsa daki-daki, mu tsallake wannan, alhali shi ne ake buƙata washegarin rabon.

Gwaggo na kai wa maganar. Ta saurare ni har ƙarshe, ta sa aka kai ta ta ga ledar da idonta, ta shafa farin garin ta ɗanɗana a harshe. Da yamma ta ja ni muka zagaya ta ƙofar Baffa. Ba ta ambaci falo ba ko sau ɗaya. Bayan gaisuwa ta ce, “Alhaji, ɓarawon ruwanka fa mun gano shi, kuma ba ɗan ga-ruwa ba ne. Uwarka ce ta gano shi, ga ta nan.” Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka Baffa bai taɓa kiran sunana ba.

Ya dube ni ya ce, “Uwata, me kika gani?”

Na ce, “Baffa, ban ga komai ba tukuna. Ina roƙon a cika tanki yau, a rufe kowane famfo, kada kowa ya taɓa ruwa daga isha'i zuwa asuba. A tsoma kara a yi masa alama.”

Shi da kansa ya yi alamar da wuƙa, shi ya kulle banɗakin ya sa makullin a aljihu. Da asuba bayan ya dawo daga masallaci ya sake tsoma karan. Ruwa ya sauka kamar yatsa biyu. A tanki mai wannan faɗin, yatsa biyu ya haura jarka guda mai lita 25. Jarka guda kowane dare, wata kuma da rana, wata da watanni, duk tana tafiya gindin katanga.

Sai a lokacin Gwaggo ta kawo zancen falon. Fuskar Baffa ta canza. Ya ce shi a cikin haƙƙinsa ya binne bututunsa, ba shi ya ce wani ya jingina ɗaki da katanga ba, balle ya shimfiɗa itace a ƙasa kamar gidan Bature. A maganarsa akwai gaskiya, don Yaya bai nemi izinin kowa ba lokacin da ya mai da katangar bangon ɗakinsa. Gwaggo ta bar shi ya gama, sannan ta ce, “Alhaji, kai ka sauke Risala, ni ban karanta ba. Me ta ce a kan wanda ya yi haƙa a nasa ya cuci na kusa da shi?” Bai amsa ba. Ya shiga ɗaki. Washegari da safe muka ji ƙarar diga a bayan bango.

Mai gyaran famfo ya tarar da gwiwar bututun, daidai kusurwar arewa, ta tsage a mahaɗa, ƙasar wurin ta zama taɓo har ƙarƙashin harsashi. Na roƙa kada a sake binne shi, aka ɗaga sabon ya bi jikin bangon banɗaki a fili, inda ɗigo ɗaya ma za a gani. Ramin kuma aka bar shi a buɗe iskar hunturu ta yi aikinta.

A ɓangarenmu haƙuri aka fi kashewa, ba kuɗi ba. Yaya yana so a kawo inji a kankare lanƙwasassun falankan a gama. Na ce masa idan aka aske gefunan da suka tashi alhali ƙasan yana jiƙe, ranar da ya bushe ya miƙe gefunan za su zama sun fi tsakiya sirantaka, a koma ana tafiya a kan tozo, kuma wannan ba ya gyaruwa. Muka cire falankan duka, muka rubuta wa kowanne lamba a baya, aka kankare gam ɗin, aka jera su a rumfa a inuwa da 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa. Siminti ya zauna tsirara, tagogi a buɗe, Anti ta koma karɓar baƙi a uwar ɗaka. Duk mako nake sake liƙa leda a kusurwar nan. Sai a mako na bakwai ta kwana ta tashi a bushe, na ƙara mako biyu a kai.

Yawancin falankan sun miƙe da kansu. Guda 6 gara da fumfuna sun gama da su. Aka shimfiɗa leda mai kauri a kan simintin, inda biyu suka haɗu a ɗora wata kan wata a liƙe, gefenta ya hau bango kaɗan. Aka sa sabon tu-bai-tu da aka shafe da maganin gara. Da yake a tsakiyar rani aka mayar da falankan, lokacin da suka fi tsukewa, na tsaya a kan kafintan ya bar rata mai kaurin yatsa a gindin kowane bango, kuma bayan kowane layi biyar ya soka ƙwandala a tsakani kafin ya buga ƙusa, ya zare ta daga baya. Ya yi ta gunaguni wai za a ce bai iya aiki ba. Gurbin shidan da suka lalace ba a sayo sabon katako ba, don sabo zai zo da nasa ruwan ya sake tayar da rigima. Aka sa layin tayil a gindin bangon yamma, doguwar kujera ta rufe shi. Baffa ya biya aikin bututu, Yaya ya biya na daɓe. Kuɗin falanki shida ba wanda ya tayar, Gwaggo ta ce a bar shi a nan.

Agustan da ya biyo baya tsagogin suka rufe, falon yana ɗan ƙara idan an taka, bai tashi ba. Inna ba ta ce wa Anti ta yi haƙuri ba, iyayenmu ba sa faɗin wannan, ta dai aika mata da turmin atamfa ba sallah ba biki. Maganar ƙafa ta mutu ba tare da an yi mata jana'iza ba, waɗanda suka fara ta su ne suka fi kowa yabon falon yanzu. Ɗan ga-ruwan da aka sallama, shi ba wanda ya nemo shi.

Bayan an gama na zana taswirar gidan biyu a takarda ɗaya, na nuna inda kowane bututu ya bi, da sokawe, da magudanar ruwan sama, don a haɗa da takardar rabo. Na kai wa Baffa ya duba. Ya sa tabarau ya daɗe yana bi da yatsa, sannan ya karɓi biro ya yi wani da'ira a sashenmu, kusa da bishiyar darbejiya. Ya ce a nan tsohuwar salgar kakanmu take, an cike ta da ƙasa tun kafin a haifi Yaya, kuma duk wanda ya san da ita ya rasu sai shi da Gwaggo. Daidai wurin ne Yaya ya riga ya sauke bulo zai gina wa Anti kicin.